Kubar Ƙofa Ta Fara Gardama: A Gyara Ta Ko A Canza?

Kuba ba ta mutuwa rana ɗaya. Sai ta yi makonni tana ba da alama: yau makulli ya ƙi juyawa sai an jijjiga shi, gobe sai an tallafo ƙyaure da gwiwa kafin sakata ta faɗa raminta, jibi hannun ƙofa ya langaɓe ya ƙi komawa sama. Mai gida kuma yakan ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Ko dai ya yi ta lallaɓawa har daren da makulli zai karye a ciki, ko kuma ya kira kafinta a ɓamɓare komai a sa sabo. Duka biyun asara ce, domin sau da yawa kubar lafiyarta ƙalau, ciwon yana jikin ƙyaure ko a jikin ɗan makullin. In ma kubar ce, ba kasafai take lalacewa gaba ɗaya ba. Abu uku ne aka haɗa a ƙofar zamani: silinda da ɗan makulli ke shiga, akwatin kuba da aka binne a cikin ƙyaure, da hannu. Kowanne ana sayar da shi shi kaɗai. Aikin da ke gabanka shi ne gano wanne ya gaza kafin ka fitar da ko sisi.

Gwajin farko: buɗe ƙofar

Buɗe ƙofar wangame, ka tsaya inda kake ganin gefen ƙyauren, sannan ka sa makulli ka murɗa. Ka fitar da sakata har ƙarshe, ka mayar da ita, kamar sau biyar, ta ciki da ta waje. Ka danna hannu ka ga ko harshe, wato ɗan ƙarfen nan mai sifirin da ke riƙe ƙofa in an tura ta, yana shigewa ciki gaba ɗaya, yana kuma fitowa da kansa da zarar ka saki.

In duk wannan ya tafi sumul ƙofa tana buɗe, amma da an rufe sai gardama ta dawo, to ka rabu da kuba. Ba ta da laifi. Sakata ce ba ta daidaita da ramin da ke jikin firam ba, kuma ko ka sayo kuba mafi tsada a Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Dei-Dei ta Abuja, haka ita ma za ta yi cikin mako guda. In kuwa makullin yana cijewa ko da ƙofa na buɗe, sai a koma kan makulli, silinda da akwati, ɗaya bayan ɗaya.

Idan ƙyauren ne ya kauce

Shafa alli ko jan baki a kan harshe da bakin sakata, ka rufe ƙofar a hankali, ka murɗa makulli har ka ji ya tokare, sannan ka buɗe. Tabon da ya fito a jikin farantin firam, wato ƙarfen da ke bakin ramin sakata, zai nuna maka inda sakata ke dukan ƙarfe. Yawanci za ka ga tabon a ƙasan ramin, ma'ana ƙyaure ya sauka ta ɓangaren kuba. Dalilin kusan kullum shi ne hinjin sama, domin shi nauyin ƙofa ke ja waje. Kama gefen ƙyauren ka ɗaga sama. In ka ji yana motsi yana ƙwas-ƙwas, sukurorin hinji sun saki.

A ƙofar katako gyaran ba wuya. Ɗaure sukurorin. Wanda ya ƙi kamawa yana ta juyawa a banza, ramin nasa ne ya yi faɗi: cire shi, ka cusa tsinken ashana uku ko huɗu da ka tsoma a gam ɗin katako, ka karya abin da ya yi saura a waje, ka bari ya bushe, sannan ka mayar da sukuru wanda ya fi na da tsawo. Kada a buga ƙusa a madadin sukuru. Kafintoci masu gaggawa suna yi, kuma wata biyu ba ya cika sai ƙusar ta zare.

In hinji daram yake amma har yanzu akwai saɓani, duba girmansa. In bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, cire farantin firam ka goge bakin ramin da magagari ta wajen da tabon yake. In ya wuce haka, gogewa za ta cinye ƙarfen har ya rasa ƙarfi, gara a matsar da farantin gaba ɗaya, a ƙara sassaƙe ramin katakon, a toshe tsoffin ramukan sukuru. Ka kuma leƙa cikin ramin kansa. Sau da yawa ƙasa, busasshen siminti ko gidan zanzaro ne ya cika shi, sakata ba ta samun shigewa har ƙarshe, shi ya sa makulli ke yin murɗi ɗaya ya ƙi na biyu.

Akwai gardamar da ke zuwa da damina ta tafi da ita. Katako yana shan laima ya kumbura a watannin Yuli da Agusta, ƙofa ta matse, sai kuma hunturu ya busar da shi ya tsuke har ka ga haske ta gefe. Wanda ya sa aka kankare ƙyaure da yawa a tsakiyar damina zai yi da-na-sani a watan Janairu, lokacin da harshe zai daina isa raminsa. A kankare wurin da ke gogar firam kawai, kaɗan-kaɗan, a bar tazarar da ba ta wuce milimita 3 ba. Sannan a shafa fenti ko banish a wurin da aka kankare, da kuma saman ƙyaure da ƙasansa, waɗanda masu fenti suka saba tsallakewa domin ido ba ya kai wa nan, alhali ta nan ruwa ke shiga.

Ƙofar ƙarfe aikin mai walda ce: ya sa wosha a hinji ya ɗaga ta, ko ya yanke hinjin ya sake liƙawa. Sharaɗi ɗaya ne, kuma kada ka yi sassauci a kansa. A cire silinda da akwatin kuba kafin a kunna wuta kusa da su. Zafin walda yana kashe ƙarfin sifirin, tartsatsin kuma yana faɗawa cikin ramin makulli ya daskare. Kubobi da yawa a nan suke gamuwa da ajalinsu, an zo gyaran hinji an yi gyaran gangar Auzinawa.

Ɗan makulli da ƙura

Makulli yana cinyewa. Ɗauko wanda aka ajiye a akwati ba a taɓa amfani da shi ba cikin waɗanda suka zo da kubar, ka gwada. In shi yana buɗewa lafiya, to na aljihunka ne haƙoransa suka side. Ka kai wannan sabon a yanka maka wani daga jikinsa, ka mayar da shi ma'ajiyarsa. Kada a yanka daga tsohon, kada kuma a yanka daga wanda shi ma yankowa aka yi. Injin yanka makulli kwaikwayon abin da aka ba shi yake yi har da kuskurensa, ya kuma ƙara nasa a kai. Kafin a kai na uku, makullin ya zama sai an ja shi baya kaɗan ko an karkata shi kafin ya juya, kuma wannan jijjigar ce ke cinye cikin silinda. Makullin da ya lanƙwashe ko ya fara tsagewa a wuya, a jefar da shi yau. Miƙe shi da guduma jinkirta karyewa ne kawai.

Sai ƙura, wadda ita ce babbar abokiyar gabar kuba a ƙasarmu. Cikin silinda akwai 'yan fil biyar ko shida, kowanne da ɗan sifirinsa siriri. Makullin da ya dace yana ɗaga kowane fil daidai tsayin da zai bar tsakiyar silinda ta juya. Tsari ne da Linus Yale ƙarami ya kammala a Amurka a shekarun 1860, kuma har yau shi ne a yawancin ƙofofi da kwaɗuna. Tazarar da ke tsakanin waɗannan sassa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, saboda haka ƙurar hunturu kaɗan ta isa ta riƙe fil ya ƙi sauka.

A nan ne mutane ke kashe kubarsu da hannunsu. Da makulli ya cije sai a ɗiga man gyaɗa, manja, man shafawa ko baƙin mai. Ranar farko zai yi daɗi. Bayan 'yan makonni man girki ya yi danƙo, baƙin mai kuma ya tara ƙura ya zama taɓo, fil su manne gaba ɗaya. Abin da ya dace da silinda shi ne busasshen abu. Goga bakin fensir mai laushi a jikin makulli har ya yi baƙi, ka sa ka zare kamar sau goma, ka murɗa, ka goge. In an riga an zuba mai a baya, kada ka ƙara garin fensir a kai, domin haɗuwarsu kwaɓi ce. Sai an wanke tukuna: cire silindar, ka fesa mata ruwan feshin nan na gwangwani, WD-40, ko ka jiƙa ta a kananzir, ka yi ta sa makulli kana gogewa da tsumma har ya daina fitowa da baƙi, ka bar ta ta bushe kwana ɗaya, sannan fensir. WD-40 wanki yake yi da sassauta tsatsa, ba ya daɗewa a matsayin mai. Giris kuwa wurinsa cikin akwati ne da jikin sakata, ba ramin makulli ba.

In makulli ya karye a ciki, kada ka tura ɗaya rabin da nufin ka murɗa, ƙara cusa shi za ka yi. Kada kuma ka sa gam mai kamawa nan take, domin in ya tsiyaya cikin fil an gama da silindar. Mayar da ramin makullin ya miƙe yadda yake in za a zare makulli, ka fesa ɗan WD-40, ka kama da filaya mai tsinin baki in akwai abin kamawa. In babu, siririn ruwan zarto da aka karya, a zura shi ta gefen haƙoran, yana iya ƙwaƙulo guntun. In ƙofar a buɗe take, sauƙi ya zo, domin ana iya aiki da silindar daga ɗaya gefen.

Canjin silinda, gyaran da ya fi kowane riba

An wanke, an gwada makulli na asali, har yanzu yana cijewa? Ko makulli yana zarewa alhali bai dawo daidai ba, ko tsakiyar silinda tana rawa in ka taɓa, ko kuma makullin wata ƙofa ya fara buɗe ta? Fil sun cinye. Ba a gyara wannan, kuma ba dalili ba ne na cire kuba duka. Silinda kawai za a canza, aikin minti goma da sukundireba ɗaya.

Yawancin kubobin da ke kasuwa yanzu suna amfani da silinda mai siffar ramin makulli irin ta Turai: zagaye a sama, siririya a ƙasa, daga sama zuwa ƙasa milimita 33, faɗin zagayen 17. Wannan siffa ɗaya ce ko wane kamfani ya ƙera, shi ya sa silindar Cisa ko Yale za ta zauna a akwatin da ba nata ba. Abin da ya bambanta shi ne tsawonta daga bakin ciki zuwa bakin waje.

Buɗe ƙofa ka dubi farantin da ke gefen ƙyaure. Ƙasa da sakata kaɗan, daidai saitin gindin silinda, akwai kan wani dogon sukuru guda ɗaya. Shi kaɗai ke riƙe da ita. Kwance shi ka ajiye. Sa makulli ka juya shi kaɗan, kamar digiri 10 zuwa 15, hagu ko dama, kana jan silindar a hankali. A tsakiyarta akwai wani ɗan kunne baƙi da ke tura sakata, wanda ke leƙowa gefe in babu makulli. Da ya daidaita da jikin silinda za ka ji ta sulɓo. In ta ƙi, sassauta sukurorin hannun ƙofa, wataƙila farantinsa ne ya matse ta. Kada ka buga da guduma.

Awo kuma daga tsakiyar ramin sukurun nan ake yinsa zuwa kowane ƙarshe, ba tsawon gaba ɗaya ba. Silinda mai milimita 70 tana iya zama 35 da 35, tana iya zama 30 da 40, kuma ba ɗaya ba ne. Ƙofofin ɗaki na katako galibi 60 ko 70 suke ɗauka, ƙofofin ƙarfe masu kauri 80, 90 ko fiye. Mafi sauƙi shi ne ka tafi kasuwa da tsohuwar a aljihu, amma kafin ka cire ta ka duba ko dama can daidai take. Silindar da ta leƙo waje fiye da milimita 3 daga farantin hannu ta ba ɓarawo abin kamawa. Wurin ramin sukurun nan shi ne mafi rauni a jikinta, kuma a nan take karyewa in aka kama ta aka murɗe. In tsohuwar ta yi tsawo ta waje, sayi wadda ta fi ta gajarta ta wannan gefen.

Wajen mayarwa, sa makulli, daidaita kunnen, zura ta, ɗaura sukurun amma kada ka matse shi har ƙarshe sai ka gwada murɗawa. In aka ɗaure shi fiye da kima ko silindar ta ɗan karkace, sabuwar ma za ta cije. Ka gwada dukkan makullan, ciki da waje, ƙofa tana buɗe. Wanda ya fara gwaji ƙofa na rufe yana iya kulle kansa.

Tun da za ka saya, yi tunani kan gefen ciki. Silinda mai makulli ta gefe biyu tana da illa biyu. In an bar makulli a jiki ta ciki an ɗan karkata shi, na waje ba zai yi aiki ba, abin da kan jawo fasa ƙofa in tsoho ko mara lafiya ya kulle kansa. Ga kuma gobara: neman makulli cikin hayaƙi da duhu ba wasa ba ne, musamman a gidajen da duk tagogi ke da ƙarfen tsaro. Mai ɗan maɓallin murɗawa ta ciki ta fi dacewa da ɗakin kwana da ƙofar da iyali za su bi su fita. Inda ba ta dace ba shi ne ƙofar da ke da gilashi ko raga kusa da kuba, inda hannu zai iya zurowa ya murɗa.

Hannu da akwati

Hannun da ya langaɓe ko yake juyawa ba ya jan harshe, fara da abu mai sauƙi. Sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu, kaurin milimita 8 a yawancin kubobi, ita ta ratsa ƙyaure ta haɗa hannun ciki da na waje. Wani lokaci ɗan sukurun da ke ƙarƙashin hannu ne ya saki, a ɗaure shi da alanki. Wani lokaci sandar ce ta yi gajarta ta zame daga hannu ɗaya, ko kusurwoyin ramin hannun suka side suka zama zagaye, abin da ke yawan faruwa da hannaye marasa nauyi. Cire hannayen duka biyu, ka zura sandar ita kaɗai, ka murɗa ta da filaya. In harshe ya shige ya kuma dawo da ƙarfinsa, akwati lafiya yake, hannu kawai za ka saya. In ya shige ya ƙi dawowa, sifirin cikin akwati ya karye ko datti ya riƙe shi.

A nan ne tambayar gyara ko canji take da ma'ana sosai. Zare akwatin ta hanyar kwance sukurori biyu na farantin gefe, bayan ka cire silinda da sanda. Dubi murfinsa. In da sukurori aka rufe shi, maƙerinsa ya yi shi ne don a buɗe. Ɗauki hotonsa da waya da zarar ka ɗaga murfin, kafin ka taɓa komai, ka wanke da kananzir, ka sa giris kaɗan a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Sifirin da ya karye, masu gyaran makulli suna cirowa daga tsoffin kubobi su sa. In kuwa murfin liƙe yake da ribit ko an lanƙwasa bakin ƙarfen an danne shi, ga gwangwanin siriri har yana lotsawa da yatsa, kada ka ɓata kuɗin aiki. Haka in ka ga ƙarfen da sandar hannu ke shiga ya tsage, ko sakata ta lanƙwashe, ko tsatsa ta ci jikin akwatin har tana ɓarɓashi. Waɗannan canji ne.

Ma'aunin da ya dace shi ne: in kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin sabuwa mai inganci irin nata, ko kuma wannan ne karo na biyu da abu ɗaya ya lalace cikin shekara, a canza. Amma tsohuwar kuba mai nauyi, irin Union ko Yale na da da ake samu a tsoffin gidajen gwamnati, ta cancanci a wahala a kanta. Sau da yawa wanki da sifiri ɗaya take buƙata, kuma abin da za a ba ka a madadinta a farashi mai sauƙi ba zai yi rubu'in kwananta ba.

Waɗannan tsoffin galibi masu liba ne, wato masu dogon makulli da haƙori a ƙarshe. A cikinsu akwai faranta sirara a jere, su ne liba, kowanne da tsayinsa, kuma in ka buɗe dole su koma yadda ka same su, in ba haka ba makullin ba zai ƙara buɗewa ba. Yawan libar shi ne ƙarfin kubar. Mai liba 2 ko 3 nau'in makullanta kaɗan ne, har akan sami na wasu a yanke ana sayarwa da lamba, saboda haka ba abin mamaki ba ne makullin maƙwabci ya buɗe. Ta isa ɗakin girki ko ɗakin yara. In irinta ce a ƙofar shiga gida ko ɗakin ajiya, ko lafiyarta ƙalau a canza ta da mai liba 5 ko mai silinda.

Kafin ka sayi sabon akwati, auna abu huɗu. Na farko, daga gefen ƙyaure zuwa tsakiyar ramin makulli, wanda kan kasance milimita 45, 50, 55 ko 60 a masu silinda, 44 ko 57 a masu liba irin na Ingila. Na biyu, daga tsakiyar ramin sandar hannu zuwa tsakiyar zagayen silinda: 72, 85 ko 92. In wannan ya saɓa, tsohon hannunka ba zai hau ba. Sai tsawo da faɗin farantin gefe, da zurfin akwatin. Kuskuren milimita 5 yana nufin sabon huji a ƙyaure, kuma ƙyauren da aka rarake sau biyu a wuri ɗaya ya zama kwali, duka ɗaya zai tsage. In ka ga gangaren harshe yana kallon ɓangaren da bai dace ba, kada ka mayar wa mai shago. Yawancinsu ana juya su, ko dai ta kwance sukuru ɗaya ko ta jawo harshen waje a murɗa shi.

Lokacin da ake canza lafiyayyar kuba

Akwai yanayin da ingancin kuba ba ya cikin lissafi. Makulli ya ɓace tare da jaka ko wani abu da ke nuna gidan. An tare a sabon gida, haya ko saye, ba a san hannu nawa makullin ya bi ba: dillali, magina, masu fenti, 'yan hayar da suka gabata. Wanda yake riƙe da makulli ya bar gidan ba ta daɗi ba. A duk waɗannan, a canza silinda a ranar, ba sai mako mai zuwa ba. Ɗan haya ya sanar da mai gida, ya adana tsohuwar silindar da makullanta, ranar tashi ya mayar da ita ya tafi da tasa.

Wasu ƙofofin ƙarfe da ake shigowa da su daga Sin suna zuwa da makulli iri biyu: ɗaya ko biyu na ma'aikata, da sauran a cikin leda a liƙe na mai gida. Da zarar an murɗa na mai gida, na ma'aikata ya daina buɗewa. Kada ka taɓa na ledar sai an gama aikin gini, kuma bayan ka yi amfani da shi ka gwada na ma'aikatan ka tabbatar ya mutu. In ka karɓi ledar a yage, ko na ma'aikata ya ci gaba da buɗewa, canza silindar.

In an yi yunƙurin fasa ƙofa, ko da ba a samu shiga ba, a canza silinda da akwati duka. Ƙarfen da aka danna da ƙarfi yana iya tsagewa ta ciki inda ido ba ya gani, ya ƙarasa karyewa ranar da ƙofa ke kulle. A kuma duba firam. Ɓarawo ba kasafai yake wahalar da kansa da fil ba, firam yake ɓallewa. Farantin da aka kafa da gajerun sukurori biyu a katako mai laushi ba ya riƙe komai, komai tsadar kubar. A sa faranti mai kauri da dogayen sukurori, a tabbatar firam ɗin kansa ya kamu da bango.

A shago

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce, domin jabu ya yi yawa kuma sunan manyan kamfanoni aka fi bugawa a kai. Ɗauki silinda biyu masu tsawo ɗaya ka auna a tafin hannu. Ta tagulla ta fi nauyi. Mara nauyin galibi tutiya ce ko alminiyum aka yi wa ruwan zinariya, kuma in ka karce gindinta za ka ga fari ko toka-toka a ƙasa, alhali tagulla rawaya ce har ciki. Ƙirga tabon ramukan fil a ƙasan silindar, ka nemi biyar ko shida a kowane gefe. Dubi haƙoran makullin: in duk kusan tsayinsu ɗaya, ajiye ta ka ɗauki wadda haƙoranta suka yi hawa da sauka sosai. Gwada makullin wani kwali a silindar da za ka saya, a gaban mai shagon. In ya juya, ka san irin kayan. Makulli mai ɗige-ɗige a jiki ba shi ne inganci ba, akwai nagari akwai na banza, kuma ka tambaya ko akwai mai yanka irinsa a garinku kafin ka saya.

Kwaɗo shi ba a cika gyara shi ba. In wanki da garin fensir ba su tashe shi ba, ko ya fara buɗewa da an fizge shi, a sayi wani. Na ƙofar waje a zaɓi mai taurararren ƙarfe wanda kunnensa gajere ne ko a rufe, yadda almakashin ƙarfe ba zai sami wurin kamawa ba, a kuma rataye shi ramin makulli yana kallon ƙasa, da ɗan yankin robar taya a samansa saboda ruwan damina. Sannan a dubi ƙarfen da aka saƙala shi a jiki: in sukurorinsa a waje suke inda sukundireba za ta kai, a sauya su da kusoshi masu noti ta ciki, ko a kira mai walda ya liƙe su.